Baba ya shekara da robar fitsari saboda tsoron wuƙa

Akwai wani dattijo a unguwarmu a Agege da na taso na tarar da shi a sahun farko, dama da liman. Ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, da asuba za ka same shi a gurbinsa. Bara sai na lura ya koma sahun ƙarshe, daf da ƙofa, kuma da an sallame sai ya zura takalmi ya fice, ba ya tsayawa a gaisa. Daga baya ma sai ranar Juma'a kaɗai ake ganinsa.

Ranar da na je gaishe shi a gida na gane dalili. Ya ɗan ɗage babbar riga zai gyara zama, sai na hango jakar fitsari ɗaure a ƙwaurinsa da wani tsohon ƙyalle. Ya ga na gani. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, wata 14 ke nan."

Fitsari ne ya ɗaure masa wani dare, aka kai shi asibiti a guje, aka zura masa roba. Likita ya ce furostet ɗinsa ne, wani ɗan nama da ke ƙasan mafitsara, ya kumbura ya matse hanyar fitsari, sai an yi aiki. Tun daga ranar, duk wata yana zuwa a canja masa robar, wani lokaci ya dawo gida da zazzaɓi.

Na ce, "Baba, me ya hana a yi aikin?"

Ya ce, "Yayana an farke shi a kan irin wannan, shekaru da dama da suka wuce. Jini leda huɗu aka ƙara masa, kuma bai fito daga asibitin da ƙafarsa ba. Ni ba za a yanka ni ba. Gara in koma ga Allah da cikina a rufe."

Sai ɗansa ya miƙo mini waya, ya nuna mini bidiyon wata na'ura mai hannuwa huɗu tana yi wa mutum tiyata. Ya ce, "Yaya, ga irin wadda ba a yanka mutum, amma ai wannan sai masu hannu da shuni."

Na kwana da maganar nan a raina. Uba yana ganin tiyata ita ce a farke ciki, ɗa kuma yana ganin in ba farkewa ba to sai robot na miliyoyi. Dukansu biyu ba su san akwai hanya a tsakani ba, hanyar da ta girmi ɗan, ta ma girmi uban.

Ra'ayina shi ne: abin da mutanenmu na Legas suka fi bukata shi ne aikin da ake yi da kyamara ta hanyar fitsari ko ta 'yar ƙaramar huda ya wadata a asibitocin gwamnati, da farashin da talaka zai iya, kuma dattawanmu su san akwai shi. Robot zai iya jira. Mutumin da ya bar sahun sallah saboda jakar fitsari ba zai iya jira ba.

Ni ba likita ba ne. Haihuwar Agege ne, ina jin Yarbanci da Turanci, shi ya sa mutanen unguwa kan ɗauke ni in raka su asibiti in yi musu tafinta. A kan bencin jiran likita da cikin ɗakin ganinsa na koyi abin da zan faɗa.

Abin da ya canja a ɗakin tiyata

Furostet wani ɗan nama ne da kowane namiji yake da shi, girmansa kamar ƙaramin goro, yana ƙasan mafitsara, kuma hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Idan shekaru suka ja yakan ƙara girma. Kusan rabin mazan da suka kai 60 suna da wannan kumburin, kuma kumburin shi kaɗai ba ciwon daji ba ne. Alamominsa sanannu ne: fitsari ya riƙa fita siriri, mutum ya tashi sau uku ko huɗu cikin dare, ya gama amma ya ji kamar bai gama ba.

Da farko ƙwayoyi ake bayarwa, kuma suna wa mutane da yawa aiki. Idan sun gaza ne ake maganar tiyata. Tun shekarun 1930 likitoci suke zura siririn ƙarfe mai fitila ta hanyar fitsari, su kankare naman da ya toshe hanya daga ciki, ba tare da an taɓa fatar ciki ba. Suna kiran aikin TURP. Yawanci allurar baya ake yi, mutum yana farke amma ba ya jin zafi daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma cikin kwana biyu ko uku an cire roba ya koma gida. A ƙarshen shekarun 1990 wasu likitoci a New Zealand suka fito da hanyar ɓare naman da leza (wani haske mai ƙarfi da ke yanka nama), wadda ke rage zubar jini kuma take iya wa furostet mai girma sosai. Daga baya kuma aka samo wasu dabarun, har da wadda ake amfani da tururin ruwan zafi a motsar da naman, wadda Amurka ta amince da ita a 2015.

Haka abin yake a tsakuwar ƙoda. A da, sai an tsaga gefen mutum kusan tsawon taƙi kafin a kai ga ƙodar. A 1976 likitoci a Sweden suka ciro tsakuwa ta 'yar huda a baya. A 1980 a birnin Munich na Jamus aka fara farfasa ta daga waje da wata na'ura mai aika girgiza cikin jiki, ba yanka ba huda. Yau kuma ana bin hanyar fitsari da siririyar kyamara har cikin ƙoda, a niƙe tsakuwar da leza ta zama gari. Cire ƙoda gaba ɗaya ta ƙananan huda ma tun 1990 aka fara shi a Amurka.

Duk waɗannan ana yin da yawa daga cikinsu a nan Legas. Mutanenmu na Idi-Araba katanga ce kawai tsakaninsu da asibitin koyarwa na LUTH, ga na jiha, LASUTH, a Ikeja, tafiyar da ba ta da nisa daga Agege, kuma dukansu suna da sashen likitocin mafitsara. Amma sai ka ga mutum ya shekara 30 a bakin ƙofar asibiti yana sayar da goro, bai taɓa jin cewa ana aikin furostet ba tare da farke ciki ba.

"Ai wannan na masu kuɗi ne"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Kayan aikin daga waje ake shigo da su, da dala ake saye, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 komai ya ninka. Wasu kayan sau ɗaya ake amfani da su a jefar. Ga kuɗin wuta da na dizal. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun marar lafiya yake fitowa, duk wannan nauyi a kan talaka yake sauka.

Amma mu yi lissafin har ƙarshe. Ma'aikacin gwamnati ko na banki in an farke shi ya kwanta wata biyu, albashinsa yana shiga. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 fa, wanda abincin gidansa yake kan buhun albasar da ya ɗauka yau? Mai tura kurar ruwa fa? Mahauci a kwatar Oko-Oba fa? Wanda aka tsaga wa gefe, likita zai hana shi ɗaukar kaya mai nauyi na makonni shida ko fiye. Makonni shida ba aiki, ga kuɗin ɗaki, ga iyali a gida Arewa suna jiran aike. Wanda aka niƙe wa tsakuwa ta hanyar fitsari kuwa, sau da yawa cikin 'yan kwanaki ya miƙe. Ashe talaka ne ya fi kowa bukatar aikin da ba ya kwantar da mutum.

Sannan a sa kuɗin jini a lissafi, da kwanakin gado, da wanda zai bar nemansa ya zauna jinya. A sa kuɗin da Baba ya kashe a wata 14: kuɗin mota, kuɗin sabuwar roba, kuɗin maganin ƙwayoyin cuta duk lokacin da zazzaɓi ya taso. Bai taɓa haɗa su wuri ɗaya ba saboda kaɗan-kaɗan suke fita, amma sun fita.

Su kuwa masu halin, da yawa har yanzu Indiya ko Masar suke nufa a kan aikin da ake yi a Ikeja. Kuɗinsu ne, ba na ja. Sai dai in matsala ta taso mako uku bayan an dawo, likitan da ya yi aikin yana can wata ƙasa, na nan kuma bai san me aka yi ba.

Robot ɗin da ake ta yayatawa

A 2025 labari ya bazu cewa an fara tiyatar furostet da robot a wani asibiti mai zaman kansa a Victoria Island. Na yi murna, domin duk aikin da za a yi a gida ya fi a fita da kuɗin waje. Amma akwai abin da ya kamata a fahimta.

Na'urar ba ita ke tiyata da kanta ba. Likita ne ke zaune a gefe yana kallon hoton cikin mutum da aka faɗaɗa, yana motsa yatsunsa, hannuwan na'urar suna bin abin da ya yi. Wadda ta fi shahara, da Vinci, a shekarar 2000 Amurka ta amince da ita, kuma a shekarar aka fara cire furostet da ita a Frankfurt. Kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya, kuma kayan da ake ɗaura wa hannuwanta bayan 'yan ayyuka ƙalilan sai an sake saye.

Babban amfaninta a wannan fanni shi ne cire furostet gaba ɗaya idan akwai ciwon daji da bai bazu ba. A nan ne gizo ke saƙar. Dajin furostet shi ne dajin da ya fi kama maza a Najeriya, kuma baƙar fata sun fi sauran jinsi haɗarin kamuwa da shi. Amma mutanenmu yawanci ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya shiga ƙashi, baya ya riƙe, ƙafa ta ƙi ɗauka. A wannan matakin babu robot ɗin da zai ciro shi. Gwajin jini na PSA, wanda ke nuna alamar matsala a furostet, da duba likita ga wanda ya haura 45 ko 50, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, su ne za su sa a kama shi da wuri har na'urar ta yi rana.

An ma yi wani bincike a Brisbane ta Ostireliya, aka wallafa a 2016, inda aka raba maza fiye da 300 gida biyu, wasu aka yi musu da robot, wasu aka buɗe su. Waɗanda aka yi wa da robot sun fi ƙarancin zubar jini kuma sun riga barin asibiti, amma wajen riƙe fitsari da ƙarfin namiji sakamakon ya zo kusan ɗaya. Hannun likitan da yawan aikin da ya yi su ne kan gaba. Shi ya sa duk wanda na raka nake ce masa ya tambayi likita kai tsaye: irin wannan aikin sau nawa ka yi? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Sabuwar na'ura a hannun wanda bai goge ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tsoron da ba a furtawa

Sai da na daɗe ina raka mutane na gane cewa wuƙa ba ita kaɗai ake tsoro ba. Dattijo yana da mata, wataƙila amaryarsa ba ta wuce 30 ba, kuma ya ji a majalisa cewa duk wanda aka taɓa wa furostet ya gama zama namiji. Ba zai faɗa wa likita wannan ba. Sai ya ce zai je ya yi shawara, daga nan ba a sake ganinsa.

A nan dole a faɗi gaskiya dalla-dalla, domin ɓoye ta ne ke sa mutane su daina yarda da asibiti. Bayan kankare furostet ko ɓare shi da leza, yawancin maza ƙarfinsu yana nan yadda yake. Abin da ke canjawa ga mafi yawansu shi ne maniyyi yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito waje. Ba ya cutarwa, amma yana iya hana haihuwa. Wanda yake son ƙarin 'ya'ya haƙƙinsa ne a gaya masa wannan kafin ya sa hannu, kuma a gaya masa cewa wasu sababbin dabarun, irin ta tururi, sun fi kiyaye wannan ɓangaren, sai dai an fi samun waɗanda ke bukatar a sake musu aiki daga baya. Cire furostet gaba ɗaya saboda daji kuma wani abu ne daban: nan kam ana iya samun rauni a ƙarfin namiji da ɗigar fitsari na wani lokaci, ko da robot aka yi. Majalisa ta haɗa ayyukan biyu ta mayar da su ɗaya, tsoron ɗaya ya hana mutane ɗayan.

Matsalar harshe ta ƙara dagula abin. Likita Bayerabe ne ko Inyamuri, yana magana da Turanci, dattijo Hausa kaɗai yake ji sai ɗan Yarbancin kasuwa. Wa zai yi tafinta? Ɗansa. To wane uba ne zai dubi ɗan cikinsa ya ce tambayar mini likita ko zan iya kusantar iyali bayan aikin? Na sha zama a ɗakin likita ina ganin tambayar a fuskar mutum, tana nan daram, ta ƙi fitowa. A Legas akwai sarakunan Hausawa a Agege, da Idi-Araba, da sauran unguwanni, akwai ƙungiyoyin 'yan kasuwa, akwai ɗaliban kiwon lafiya 'yan Arewa. Ba abin da zai hana a tsara wasu amintattun mutane, manya masu riƙe sirri, da za su riƙa raka dattawa asibiti ba tare da 'ya'yansu sun shiga ɗakin ba.

"Sanyi ne, zan sha magani"

Duk wanda ya bi ta tasha ko bakin kasuwa ya ji lasifikar masu magani. Fitsari na zafi, sanyi ne. Fitsari na tsinkewa, sanyi ne. Jini a fitsari, shi ma sanyi ne. Kwalba ɗaya tana maganin duka. Ba na raina ilimin itatuwa na iyayenmu, amma babu jiƙon da zai narkar da tsakuwa mai girman gyaɗa da ta tokare bututun ƙoda. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba takan fita da kanta in an sha ruwa sosai, sai mai magani ya ce nasa ne ya yi aiki. Babba kuwa tana nan tana tare fitsari, ƙodar tana kumbura a hankali har ta mutu, wani lokaci ma zafin ya lafa mutum ya ɗauka ya warke. Wanda ya ga abin da wankin ƙoda ke ci duk mako ba zai yi wasa da wannan ba.

Yanayin nemanmu ma yana taimaka wa tsakuwar. Direban tirela da ya kwana uku a layin Apapa, mai gadi, mai talla a cikin cunkoson mota, da gangan suke rage shan ruwa don kada fitsari ya matsa musu inda babu bayi, ga zafin rana ga gumi.

Jini a fitsari kuwa, musamman ga wanda ya taso yana wanka a kududdufi ko aiki a fadama ya yi tsargiya da ƙuruciya, kada a kwana da shi. Tsargiyar da ta daɗe tana da alaƙa da dajin mafitsara, kuma leƙa mafitsara da kyamara aikin 'yan mintuna ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jinkirin nan yana kai mutum ga wuƙar da yake gudu. Furostet in ya yi girma ƙwarai, inda babu leza dole sai an buɗe. An gudu ba a tsira ba. Ko da yake buɗewar ma ta yau ba irin ta zamanin yayan Baba ba ce, an samu ci gaba a allurar barci da tanadin jini, kuma har yanzu aiki ne mai kyau in likita ya ga shi ya dace.

Wani gargaɗi ga waɗanda aka riga aka yi wa aikin tsakuwa: sau da yawa ana barin wani siririn bututu a ciki, daga ƙoda zuwa mafitsara, na ɗan lokaci. Ba a ganinsa daga waje. Mutanenmu da sun ji sauƙi sai su hau mota su tafi gida noma ko biki, su manta. Bututun in ya wuce wa'adinsa tsakuwa ke taruwa a jikinsa, cire shi ya zama babban aiki. Kafin ka bar asibiti ka tambaya ko an bar maka wani abu a ciki, da ranar cire shi, a rubuta maka a takarda.

Abin da nake nema daga hukuma

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayya har yau ba ta kai nan ba. To in kuɗin kaɗan ne, a sa shi inda zai fi taɓa mutane. Kuɗin robot ɗaya zai sa kyamarori da kayan kankare furostet a manyan asibitocin gwamnati da dama, ya horar da matasan likitoci da ma'aikatan jinya, ya ajiye injiniyan da zai gyara na'ura in ta tsaya. Sayen na'ura a yanke ƙyalle a ɗauki hoto abu ne mai sauƙi. Riƙe likitan da ya iya aiki da ita, a lokacin da takwarorinsa ke ficewa Ingila da Saudiyya, shi ne aikin. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, kuma Legas tana da nata shirin, Ilera Eko, wanda na mazauna jihar ne, ba na 'yan asalinta kaɗai ba. Mutanenmu ƙalilan ne suka san da shi. Shugabannin kasuwanninmu su je su zauna da hukumar da ke kula da shirin, su tambayi ainihin ayyukan da shirin ya ƙunsa, su matsa a sa irin wannan tiyata a ciki, su dawo su yi wa mutane bayani da Hausa.

Limamanmu ma suna da rawar takawa. Babu wanda ya kai su sanin yadda fitsari ke damun musulmi, domin su ake tambaya hukuncin mai ɗigar fitsari da alwalarsa. In an amsa tambayar fiƙihu, a ƙara da cewa je ka ga likita, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Makon jiya Baba ya yarda na raka shi, mu biyu, ɗan ya tsaya a waje. Likita ya zana masa hoton mafitsara a bayan takarda, ya nuna masa inda ƙarfen zai bi, na fassara masa kalma-kalma. Baba ya yi tambayarsa guda biyu, kansa a sunkuye, aka ba shi amsa. An rubuta masa gwajin jini da na fitsari da hoto, don a ga girman furostet ɗin a kuma kashe ƙwayoyin cutar da robar ta tara kafin a sa rana. Kuɗin bai cika ba tukuna, 'yan kasuwarsu sun fara karo-karo. Da muka fito bakin titi muna jiran mota, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, da gaske ya ce ba za a taɓa cikina ba?" Na ce, "In hoton ya nuna bai wuce misali ba, Baba, haka ya ce."